Ratar da ke tsakanin bindigar toka da AK-47 a cikin bututu take

Tun da gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a Janairun 2024, maganar a tara mafarauta da 'yan sa-kai a tura su daji ta zama ruwan dare. Gwiwa da Roni suna maƙwabtaka da Katsina, Babura kuma ba ta da nisa da iyakar Nijar, don haka mu mutanen yankin Kazaure ba za mu ce batun bai shafe mu ba. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake ta yabon jarumtar mafarauta, ba mai tsayawa ya dubi abin da ke rataye a kafaɗarsu. Tura mai harba-ka-ruga ya tari mai AK-47 ganganci ne, kuma dalilin na ƙira ne, ba na zuciya ba.

Leƙa cikin bututun bindigar toka, za ka gan shi sumul kamar fayif ɗin ruwa. Leƙa na bindigar masana'anta kuwa, sai ka ga tsagi-tsagi sun murɗa tun daga gindi har baki. Su ne ke kama harsashi su juya shi, ya fita yana wulwulawa kamar katantanwar yara, wadda ba ta faɗuwa muddin tana juyi. A AK-47 tsagi huɗu ne, kuma harsashi yana cika zagaye ɗaya a kowane santimita 24. Da yake yana fita da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa, juyin da yake yi ya kusa sau 3,000 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa yake tafiya kai a gaba, ya sami mutum a mita 300. Dalmar bindigar toka ba ta da wannan juyi, tana fita ta kama gabanta. Da an wuce mita 50 zuwa 100, sa'a ce kawai. Ga kuma ɗura albarushi bayan kowane harbi, alhali mai AK-47 yana da harsashi 30 a kwanso ɗaya. Bindigar farauta ta kanti mai watsa ƙwayoyi, wadda ake ba wasu 'yan sa-kai, ita ma bututunta sumul ne.

Ratar kuma ƙaruwa take yi, domin masana'antu sun daɗe suna matse murɗin. Harsashin da ke cin nisa dogo ne siriri, dogon harsashi kuwa sai da juyi mai sauri yake tsayuwa daidai. Bindigar sojan Amurka M16 ta fara da zagaye ɗaya a inci 14, aka mayar inci 12, a shekarun 1980 aka kai inci 7 saboda sabon harsashi mai tsawo. A 1955 kamfanin Remington ya fitar da bindigar farauta mai murɗin inci 12, ta kasa riƙe harsasai masu nauyi, kasuwa ta koma wajen Winchester, sai daga baya ya gyara zuwa inci 9, a 1963 kuma ya sauya mata suna. Bindigogin harsashin 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007, akasarinsu inci 8 ne tun daga masana'anta. In bambancin 'yan inci ya isa ya kashe kasuwar bindigar babban kamfani, ina ga bututun da ba murɗi ko ɗaya?

Kakanninmu sun ɗanɗana irin wannan rata a yaƙin Turawa na 1903, a Kano da Kwatarkwashi da filin Giginya na Sakkwato. Ba jarumta suka rasa ba. Daga nesa aka riƙa kayar da su kafin mashi ko kibiya su kai.

Akwai masu cewa to a ba 'yan sa-kai irin makamin 'yan bindiga mana. Damuwarsu gaskiya ce, wanda aka kwana ana harbi a ƙauyensa ba ya jiran dogon bayani. Sai dai dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi a rukunin da sai da izinin shugaban ƙasa, kuma makamin da ya shiga gari ba ya komawa rumbu cikin sauƙi. A yankin da rikicin manoma da makiyaya kan taso lokacin girbi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Amfanin maharbi yana wani wuri dabam. Shi ya san burtali da mashaya, ya san lungunan duwatsun Roni da Kazaure, yana gane sawun baƙon babur a kan yashi. Wannan ilimi babu masana'antar da ke ƙera shi. Ina kira ga gwamnatin Jigawa da masarautunmu da su ɗauki mafarauta a matsayin idon jami'an tsaro, a ba su waya da abin hawa da alawus, a bar arangama ga soja da 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda makamansu ke kaiwa inda na maharan ke kaiwa.