Gidan Man Haidurojin a Suleja: Lissafin da Ya Kamata Mai Jari Ya Fara Yi

SULEJA — Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, masu motocin haya da dillalan mai ke neman makamashin da zai rage musu tsadar tafiya. Cikin waɗanda ake ambato har da iskar haidurojin, wadda ake samu ta hanyar raba ruwa da wutar lantarki, kuma motar da ke aiki da ita tururin ruwa kawai take fitarwa.

Babu irin wannan gidan mai a Suleja. Amma garin yana da abin da zai ja hankalin mai jari: ga daffon NNPC, ga tireloli da tankoki dare da rana a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, ga kuma tashoshin wutar ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, dukkansu a Jihar Neja.

Tsarin ginin sassa huɗu ne: tushen wuta, na'urar raba ruwa, kwamfuresa da tankunan ajiya, sai famfon zubawa. Ƙaramar mota tana karɓar iskar ne da matsin da ya ninka na tayarta kusan sau 300, don haka dole a sanyaya ta zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri kafin a zuba, in ba haka ba tankin ya yi zafi fiye da ƙima.

Sai dai kuma a wurin wuta ne maganar ta ƙare ko ta tashi. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin kimanin yunit 55, irin wanda mitar gida ke ƙirgawa, da aƙalla lita 9 na tataccen ruwa. Gidan da zai sayar da kilo 200 a rana, abin da bai wuce cika manyan motoci shida ko bakwai ba, yana bukatar yunit 11,000. Idan da hasken rana za a samar da ita, sai an shimfiɗa allunan sola na kusan megawat biyu da rabi, a fili na kadada da dama, a garin da kusancinsa da Abuja ya sa fuloti ya zama gwal. Ga hadarin watan Agusta, ga ƙurar hunturu, kuma na'urar da aka saya da kuɗin waje ba ta fid da kuɗinta idan sa'o'i biyar ko shida kaɗai take aiki a yini. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa da Suleja shi ne a haɗa rana da wutar ruwa, musamman da yake Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu.

Wutar kuwa ba kyauta ba ce. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka yanka wa rukunin A a watan Afrilu na 2024, kuɗin wuta kaɗai na kilo guda ya haura naira 12,000, tun ba a sa albashi da ruwan bashin banki ba. Wannan kilon kilomita 100 ko makamancin haka zai kai ƙaramar mota, alhali mota mai batir tana cin wannan zango da ƙasa da yunit 20. A fili yake cewa ga tasi da motar gida, ciniki ne na hasara. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin Shell ya rufe gidajensa na haidurojin na ƙananan motoci a watan Fabrairu na 2024.

Inda ake da fata shi ne manyan motocin dogon zango, waɗanda nauyin batir ke rage musu kaya, daɗewar caji kuma ke cinye musu lokaci. Gidan da kamfanin Cleanergy ya gina a Walvis Bay ta ƙasar Namibiya, mai aiki da hasken rana, manyan motoci da injinan tashar jiragen ruwa aka nufa da shi. Ke nan, kafin a sa tubali, wajibi ne a ƙulla yarjejeniya da kamfanin da ke da ayarin motoci masu zirya a hanya ɗaya.

Batun tsaro ba ya bukatar dogon bayani ga mutanen wannan yanki, waɗanda suka binne sama da mutum 80 bayan fashewar tankar fetur a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairu, 2025. Haidurojin ba ta malala a ƙasa balle a zo da jarkoki, sama take tashi. Amma ba ta da wari, harshen wutarta da ƙyar ake ganinsa da rana, kuma ɗan tartsatsi ya isa ya kunna ta. Saboda haka ana buɗe saman rumfar don kada iskar ta taru, a kafa na'urorin gano yoyo masu katse famfo da kansu, a kuma bar tazara mai faɗi tsakanin tankuna da shaguna, abin da ke da wuyar samu a bakin titin Suleja.