Wayar Da Ta Tsufa Tun Ba Ta Fashe Ba

A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu na Android bai kai na 5 ba. A Karaye da Rogo, inda waya ke gangarowa daga wa zuwa ƙane har ta isa hannun uwa, hukuncin ya yi nauyi: gilashi garau, batir lafiya, amma manomi ya kasa aika saƙon murya ga dillalinsa a Dawanau.

Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin tsarin da za ta hau. Masu ƙera wayoyi masu araha kan daina sabunta tsarin bayan ɗan lokaci, su kuwa masu manhaja gaba suke yi. Ta ɗaya gefen ma an toshe, domin Android 14 ba ya karɓar manhajar da aka gina wa tsarin da bai kai na 6 ba.

Maganin da ake samu a rumfar cajin waya ya fi cutar muni. Sai a tura wa mutum GBWhatsApp ta Xender, jabun manhajar da kan jawo a rufe masa lamba, ba kuma wanda ya san inda take kai sirrinsa. A wayar da ke ɗauke da asusun banki, wannan ganganci ne.

Mai sayen ta hannu a Farm Centre ya buɗe saituna ya duba lambar Android kafin ya taya. Bankuna kuma su gyara hanyar USSD, wadda ko ƙaramar Nokia tana hawa.