Kafin ki saya wa yaro keke, duba wajen walda

Duk wanda ya san Mpape ya san gangarenta. Daga cikin gari zuwa mahaɗar da ke kai mutum Maitama kusan duk gangara ce, ga ramuka, ga tifofin da ke kwaso tsakuwa daga wuraren fasa dutse. A irin wannan hanya yaranmu ke koyon keke, galibi sabon da aka sayo musu da Sallah.

Uwargida, idan an je sayen keke, fenti da kwando ake kallo, sai a matsa birki sau biyu. Ba a cika duba firam ba, wato ƙarfen da ke ɗauke da komai. Firam ba ya karyewa rana ɗaya. Tsaga ce siririya kamar gashi ke farawa a gefen walda, musamman ƙarƙashin wuyan keke, da gindin sirdi, da ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Kowane rami na ƙara buɗe ta. Ƙarfe irin na Raleigh ɗin da iyayenmu suka hau, wanda aka riƙa haɗawa a Kano, yakan lanƙwashe ya ba da alama. Alminiyon kuwa yakan ɓalle ne kawai, yaro ya kifa da fuska.

Sai ki goge keken, ki kai shi rana, ki bi kowace walda da ido. Fentin da ya tashi, layin tsatsa, ko ƙara idan an taka feda, kowanne ya isa a ajiye shi. Keken Kwatano da aka sake wa fenti ya fi ba ni tsoro, domin fenti na rufe tsaga. Firam ɗin alminiyon da ya tsage kuma kada a kai wa mai waldar bakin titi. Zafin wuta na ƙara raunana wajen.

Idan an faɗi, wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasar ta fita, ki rufe da bandeji. Ban da man birki, ban da farke kafso a barbaɗa, abin da muke gani kullum a kantin magani. Ciwo mai zurfi ko mai datti na buƙatar a duba katin rigakafi: in an haura shekara 5 da allurar cutar sarƙewar haƙora, wato tetanus, a sake yi. In kai ne ya bugu, farasitamol kawai za a ba shi, ban da asfirin. Amai, yawan barci, ruɗewa ko jini daga kunne, wannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare. Hular kwano ta yara na rage wannan haɗarin sosai.

Saura batun kuɗinki. Rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a dawo da kaya bai fi ƙarfin doka ba. Dokar kare haƙƙin masu sayayya da aka sa wa hannu a 2019 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3, a gyara, a canza, ko a dawo da kuɗi. Garantin baki kuwa ba ya zuwa ko'ina, don haka a rubuta miki lambar firam a kan rasit. Tana ƙarƙashin keken, tsakanin feda biyu. Ki ɗauki hoton karayar, kuma kada a yi walda kafin mai shago ya gani. In ya ƙi, hukumar FCCPC da ke nan Abuja na karɓar ƙorafi, har ta intanet.