TALLA DA ZAMAN GIDA A BIRNIN ZAZZAU

Sau da yawa akan kawo wa Hakimai kuka a kan 'yan talla, har waɗansu su nemi a hana shi ɗungum. Kafin a yanke shawara ya kamata a san abin da talla ke ɗauke da shi, gama a cikin ganuwar Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya a sami unguwar da ba ta dogara da shi ba.

Mafarin Talla

Galibin matan aure na cikin birni suna cikin kulle, ba su zuwa kasuwa. Amma kusan kowace tana da sana'arta a tsakar gida. Wata koko da ƙosai take yi, wata fura, wata tana matse gyaɗa ta fid da mai ta soya ƙuli-ƙuli. Tun da ba ta fita, sai ɗiyarta ko ɗiyar riƙo ta zama ƙafarta. Ita ke sayo mata gero da wake, ita ke ɗaukar tallan ta bi zaure zaure, ta komo da ciniki a lissafta.

Maƙwabta kuma suna amfana. A gidaje da yawa tuwon dare kaɗai akan girka wa iyali duka. Karin kumallo da abincin rana kuwa sai maigida ya ba da kuɗi a saya wurin 'yan talla. Watau kuɗin da ya fita daga wannan gida ya shiga na kusa.

Inda Ribar Ke Tafiya

Bisa Shari'a ci da sha da sutura suna wuyan miji, abin da mace ta samu kuwa nata ne. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Lardin Zazzau cikin 1949 da 1950, ya nuna matan aure suna da sana'o'insu da kuɗinsu dabam da na mazansu. Da wannan riba uwa ke zubin adashi, ta yi gudummawar biki da suna, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. Ran da maigida ya rasa, sau da yawa ita ke rufa wa gidan asiri.

Inda Cutar Take

Lokacin ciniki shi ne lokacin makaranta. Yarinyar da ta fita da ƙosai da hantsi ta rasa darasin safe. Wadda ta yi dare a tasha ko bakin babbar hanya tana cikin haɗarin mota da na miyagun mutane. Tun da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa cikin 1976 wannan karo ya fito fili. Dokar tarayya ta 2003 mai kare hakkin yara ta hana a sa yaro talla a manyan titunan gari, ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara cikin 2018.

Abin Da Ya Kamaci Hakimai

Doka tilas a bi ta. Amma fa in aka ƙwace faranti kurum, jarin uwa aka ƙwace, gobe kuma za ta sake aiken yarinyar a ɓoye. Saboda haka ya kyautu Hakimi ya tara masu unguwanni da limamai a ja hankalin iyaye a kan abu uku: kada a ɗora wa yarinya talla lokacin makaranta, kada ta wuce unguwarsu, kada magariba ta same ta a waje. A ƙarfafa wa mata sayar da kaya a gida, masu saye su aiko, ko su ba dillaliya ko mai tebur a ƙofar gida.

Malaman Hakimai kuma su riƙa rubuta gidajen da talla ya hana 'ya'yansu karatu, tare da dalilin kowane, don a rarrabe wanda talauci ya matsa da wanda sakaci ne kawai. Na farko taimako yake bukata, na biyu gargaɗi.