Yoyon Man Gas a Famfon Tsohuwar Tarakta

Batunmu na yau a kan tsohuwar tarakta ne, da yadda a kan gane inda man gas ke yoyo a jikin famfonta.

Misalin da za mu ɗauka shi ne Massey Ferguson 35, wadda aka ƙera a birnin Coventry nan Ingila. Tun 1959 aka fara sa mata injin Perkins mai silinda 3, da famfon kamfanin CAV wanda a ke kira DPA. An daina ƙera ta a 1964, amma har yau akwai manoman da ba su da abin huɗa sai ita.

Aikin famfon nan shi ne ya auna mai ɗan kaɗan, ya tura wa kowace silinda a daidai lokacinta. Ƙarfin turawar kuwa ya fi ninki 50 na iskar da ke cikin tayar mota. Saboda haka kada mutum ya kuskura ya laluba bututu da hannu inji yana aiki, gama tsirin mai da ido ba ya gani ya kan huda fata ya shiga nama, har ya jawo a yanke yatsa. Guntun kwali a ke karawa. Wanda man ya huda kuwa a kai shi asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba.

To, mai kamar ruwan damina yake a kan soro: inda ya ɗiga a ɗaki ba nan ne tsagar take ba. Don haka sai a wanke famfon da kananzir, a goge ya bushe sarai, a barbaɗa masa garin alli, sa'an nan a ta da inji. Inda allin ya fara jiƙewa daga sama, nan ne aibin yake.

Galibi a kan murfi a kan same shi, wurin da ƙarafa biyu suka fito, ɗaya na totur, ɗaya na kashe inji. Kowannensu yana da 'yan zobban roba masu tare mai, su kuwa su kan bushe da tsufa. Man zamani ma ya ƙara musu. Tun 2011 doka a nan Ingila ta rage farar wuta a man taraktoci zuwa kashi 10 cikin miliyan, kuma tacewar da ke fitar da ita ta kan tafi da waɗansu sinadarai masu kumbura roba. Da tsohon zobe ya rasa su sai ya tsuke, mai ya sami hanya. Zobban ba su da tsada, amma mai ɗaga murfin ya lura, akwai wata 'yar waya mai tsalle maƙale a ƙarƙashinsa. Ya shaida ramin da ta ke ciki kafin ya cire, don in ya mayar da ita wani rami gudun injin zai sāke.

In kuwa a gindin noti a ke ganin laima, watau inda bututu ya haɗu da famfo, yawanci wosha ta jan ƙarfe ce ta taurare. Ƙara ɗaure noti da ƙarfi ba ya magani, sai dai ya cinye haƙoransa. A sa sabuwa, ko a gasa tsohuwar ta yi ja, ta huce, za ta yi laushi ta sake kamawa.

Akwai kuma yoyo iri biyu waɗanda alli ba ya nunawa. Na fari shi ne inda iska ke shiga maimakon mai ya fita. Alamarsa ita ce tarakta ta kwana lafiya, da safe ta ƙi tashi sai an fitar da iska. Na biyu ya fi muni. Idan robar da ke bakin famfon ta wajen inji ta lalace, ko fatar ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ta tsage, man gas ya kan zurara cikin baƙin mai. A zaro sandar awo a duba. In baƙin mai yana ƙaruwa ba wanda ya ƙara, ya tsinke, yana warin gas, to, a kashe inji, gama man da ya tsinke ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe. A fara da ƙaramin famfon, shi ya fi sauƙin dubawa.

Cikin babban famfon kuwa ba na gyaran gindin bishiya ba ne. Man gas da kansa ke shafe shi, kuma ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi, balle a lokacin hunturu. In ya zama dole a kwance shi, a yi masa zane inda ya haɗu da inji don kada lokacin turawa ya ɓace, a toshe kowace kafa, a kai wa masu na'urar gwada famfo.

Da haka mu ke sallama da ku. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.