Kanti ya koma cikin salula, mabuɗi kuwa yana hannun kowa

A da, ɗan kasuwar Bawdeta da ke gundumar Tasawa, jihar Maraɗi, ya san inda dukiyarsa take kwana: kuɗi cikin akwatin ƙarfe, littafin bashi ƙarƙashin tabarma, kwaɗo a bakin ƙofa. Yau duka ukun sun tattara sun shige salula guda. Kuɗin gero, na wake da na gyaɗa suna zuwa ta Airtel Money ko Flooz, ko ta gidajen aike irin su Nita da Al Izza, ciniki da Tasawa, Mayahi da Maraɗi kuma a WhatsApp ake ƙulla shi. Masu hulɗa da Katsina da Kano sun ƙara raja'a ga wannan hanya a farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi ƙamfa bayan sauya fasalinsu.

Ɓarawon wannan zamani ba ya haura katanga. Kira yake yi, da ladabi, ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne, za a rufe layi in ba a karanto masa lambar sirri ba. Wani ya turo saƙon bogi mai kama da shaidar shigar kuɗi, sa'an nan ya biyo da magiya, wai kuskure ya yi, a taimaka a maido masa. Mai tausayi ya maida jika hamsin daga nasa, alhali ko dala ba ta shigo ba. Na uku lambobi shida na WhatsApp yake nema. Da ya same su sai ya zama mai kantin, ya bi abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya yana neman rance da sunansa.

Amma babbar kafar tana cikin gida. Alhajin da bai yi boko ba yakan miƙa wayar da lambar sirri ga yaron kanti, yaron kuma yana da abokai. Wayar kan wuni wurin mai caji ba a kulle ba. Layin ma sau da yawa da katin ɗan ƙasa na wani aka yi masa rajista, ran da ya ɓace kuwa kamfani mai katin ya sani. Gyaran bai kai kuɗin buhun gero ba: layi da sunan mai shi, lambar da ba shekarar haihuwa ba, kulle na biyu a WhatsApp, duba ragowar kuɗi kafin a gaskata kowane saƙo, da littafin bashi na takarda a gefe.

Akwai kuma nauyin da doka ta ɗora. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka sabunta ta a Disamban 2022; dokar hukunta laifuffukan intanet kuma ta fito a Yulin 2019. Ma'aikatan gwamnati sun fi jin labarinsu, alhali sun shafi mai rumfar aiken kuɗi da ke rubuta sunaye da lambobin jama'a a littafi, da mai injin kwafi da ke barin kwafin katin mutane a kan tebur har a ƙunshe ƙosai da su. Daga irin waɗannan takardu mazambaci ke samun cikakken sunan da zai kira mutum da shi, har ya saki jiki.