Gidan da ba shi da zaure: wuni ɗaya a gaban Palais des Congrès

Wani abokina da ke karatu a Faransa ya turo mini hoton gidan opera na birnin Faris, wanda aka buɗe a 1875, ya rubuta a ƙasa: "Ku fa a Lome, ina naku?" Opera dai wasan kwaikwayo ne na Turawa da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, kuma manyan biranensu kan gina masa gida na musamman a tsakiyar gari, don baƙo ya san ya shigo birni. Na ce masa ba mu da shi. Bayan na ajiye wayar ne na tuna ai muna da ɗan'uwansa, wato Palais des Congrès da ke Dandalin 'Yancin Kai. Nan manyan mawaƙa ke wasa, nan ake manyan taruka. Sai kuma na lura cewa duk yawan wucewata ta gabansa a kan zemijan, ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Ranar Asabar na lallaɓi kawuna ya raka ni. A tsohon Zango aka haife shi, kuma yanzu gwiwa ba ta barinsa hawa babur, don haka tasi muka ɗauka daga Agoè-Zongo. Tafiyar ta kusa kilomita 15, ga cunkoson babbar hanya.

Abu uku ne ke tarbar ido a dandalin. Akwai ginin tunawa da 'yancin kai na 27 ga Afrilu, 1960, inda aka huda siffar mutum yana tsinka sarƙa a jikin kankare. Paul Ahyi, wanda ya zana tutar Togo, yana cikin waɗanda suka yi aikinsa. Akwai otal ɗin 2 Février da aka buɗe a 1980, mai tsawon mita 102, wanda ake hangowa tun daga nesa. Sai shi Palais ɗin. Shi bai yi gasar tsawo da kowa ba. Faɗi ya yi, ya kwanta kamar raƙumin da ya durƙusa da kayansa, ya ja da baya daga titi, ya bar makeken fili a gabansa.

Wannan filin ne ya fi ɗaukar hankalina, fiye da ginin kansa. Daga bakin titi zuwa ƙofa sai ka yi tafiya a cikin rana tsaka, babu rumfa, babu mai shayi, babu dakalin da za ka zauna ka yi kamar wani kake jira. Kana tafe kana jin kamar kowa kai yake kallo. Kafin ka kai ƙofa ka riga ka tambayi kanka sau uku ko me ya kawo ka.

Ba kuskuren magina ba ne. An gina shi a 1972 da sunan Maison du RPT, gidan jam'iyya ɗaya tilo da Janar Gnassingbé Eyadéma ya kafa a 1969. Gidan jam'iyya na wancan zamani yana buƙatar wurin da dubban mutane za su jeru sahu-sahu, da ƙungiyoyin rawa da waƙar yabo sanye da atamfa iri ɗaya, manya kuma suna kallo. An yi filin ne don taro, ba don mutum ɗaya mai silifa ba. Ranar da ya cika, ginin yakan yi kwarjini ƙwarai, wannan ba na musu. Ranar da babu kowa kuwa, sai ya zama kamar filin idi washegarin salla.

Kawu bai ce uffan ba sai da muka samu inuwa a gefen titi. Sannan ya nuna da sandarsa wajen gine-ginen bankuna.

"Ka ga can? Da ƙafa muke zuwa nan. Muna samari aka ɗora wannan ginin, muna kallo."

Na ce, "Kawu, kun taɓa shiga kuwa?"

Ya yi dariya. "Ina fa, ɗana. Ba a hana mu ba, ba a kuma kira mu ba."

Shekara biyar bayan gina shi, a 1977, aka rushe tsohon Zango, aka kwashe mutanensa zuwa arewacin gari, inda muke yanzu. Duk ɗan Zango ya san labarin, ba sai na maimaita ba. Abin da ban taɓa haɗawa a kaina ba shi ne, a shekarun da birni ke gina fuskar da zai nuna wa duniya, a su ne aka ɗauke mu daga gaban wannan fuskar. Mahauta da dillalan shanu da 'yan goro ba su shiga hoton ba.

Ina tsaye ina ta kwatanta shi da ginin Hausa. Gidan Bahaushe, komai girmansa, da zaure yake fuskantar titi. Ko fadar sarki a Kano ko Katsina soro-soro ce, kana wuce ɗaya kana shiga ɗaya, kowa da inda zai tsaya. Zaure ba ciki ba ne, ba kuma waje ba: baƙo ya yi sallama ya zauna, almajiri ya fake wa ruwa, mai ƙara ya jira. Ba kowa ke wuce shi ba, amma kowa na iya isa gare shi. Palais ba shi da wannan tsakiyar. Ko kana da tikiti ka shiga, ko ka tsaya a rana.

Sai dai kada in ɗora wa kankare laifin duka. Mu ma mun saba da cewa "wurin nan ba namu ba ne", har abin ya zame mana hutu. A cikin ginin nan majalisar dokoki ta yi ta zama har zuwa 2018, lokacin da ta koma sabon gidan da Sin ta gina. Ke nan dokokin da suka shafi kasuwarmu da filayenmu da makarantun 'ya'yanmu a nan aka yi ta tafka muhawararsu, mu kuwa muna wucewa a kan babur muna kau da kai. Yaranmu na yanzu sun fi mu: in mawaƙin da suke so zai yi wasa, sukan tara kuɗin tikiti su zo, ba sa neman izinin kowa.

Ƙofar da ta karɓe mu ranar, ta baya ce. Can ne mashigar gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1975. Ba babba ba ne: tukwane, ganguna, sassaƙe-sassaƙe, tsofaffin hotuna. Kawu yana tafe yana jan ƙafa har muka iso wurin da aka ajiye wuri, kuɗin da. Nan ya tsaya cak. Ya shiga ba ni labarin kakansa, bafatake, da ke bin ayari daga ƙasar Hausa ta Sansanne-Mango zuwa Salaga sayen goro, da irin wannan wurin a buhu a bayan jaki. Muryarsa ta ɗaga har wasu 'yan makaranta biyu suka matso suna saurare, ni kuma na koma tafinta, ina juya musu da Faransanci.

Da muka fito la'asar ta yi. Muka sayi ruwan leda muka yi alwala a gefen titi, wani mai zemijan ɗan Sokodé ya ara mana kwalinsa, ya kuma bi mu salla. Bayan sallama Kawu ya daɗe zaune yana kallon filin.

"In an sake yin wani taro da ba na kiɗa ba," in ji shi, "ka gaya mini. Ina so in ga cikinsa ta ƙofar gaba. Amma ka nemo mana tasin da zai kai mu har bakin ƙofa, wannan ranar ba zan iya ba."